Ni da Bakina a Guangzhou

Duk Bahaushen da na haɗu da shi a Guangzhou tambaya ɗaya yake yi min, kuma da dariya yake yin ta: wai me ya kawo ni China karatun Sifaniyanci? Wanda ya fi kowa damuna da ita shi ne Alhaji Garba, ɗan kasuwar Kwari mai zuwa sarin yadi. A ɗakinsa na unguwar Sanyuanli, inda 'yan kasuwarmu ke taruwa, na fara sauka kafin makaranta ta ba ni gado.

"Habibu, ka ce masu yaren suna can Sifen, kai kuma kana nan?"

"Haka ne, Alhaji."

"To Allah ya shirye ka. Ni na ɗauka kaya kawai ake zuwa sari a garin nan, ashe har da wahala."

Gaskiyar magana, ba ni na zaɓi China ba. A Malabo aka haife ni, wani birnin Afirka da ake yin Sifaniyanci, babana mahauci ne a can, da Sifaniyanci na yi firamare kafin a dawo da ni Kano wajen kawuna. Bayan na gama jami'a na nemi bizar Sifen har na gaji, ana ta dawo min da fasfo. Sai ga tallafin karatu na China, a wata jami'a da ke da wata malama da ta daɗe tana zaune a ƙasashen masu yaren. Sunanta Malama Lin. Wata kwaleji a gida kuma ta ce in na dawo da digiri na biyu akwai gurbi. Ban tsaya dogon tunani ba.

Wata rana muna cin shinkafa a tire ɗaya Alhaji ya ce sai na gaya masa ainihin abin da nake karantawa, ban da kwana-kwana. Na ce, "Alhaji, in kana son abu ka ce 'ba ni shi', ko? To su a dunƙule suke faɗa, dámelo. Wannan me da lo ɗin da ke wutsiya wakilan suna ne ƙanana, ba sa iya tsayuwa su kaɗai, sai sun manne a jikin aikatau. Wani lokaci a gaba, wani lokaci a baya. Wani lokaci ma mutum ya ambaci sunan uwarsa ƙarara, kuma ya ƙara ɗan wakilin, kamar ka ce 'na ba ta, na ba innata'. Aikina in zana tsarin da zai nuna yaushe suke haka, kuma don me."

Na ƙara masa da cewa irin nahawun da Malama Lin ke koyarwa ba ya tambayar ko jimla daidai ce ko kuskure. Tambayarsa ita ce, wane aiki kalmar take yi a bakin mai magana? Wa aka riga aka sani a zancen, wa mai magana yake son turo wa gaba, wa yake son ɓoyewa?

Alhaji ya ajiye cokali. "Shekara biyu a kan lo?"

"Har da la, Alhaji."

Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa.

Zangon farko ya tafi da kyau, ko kuma haka na zata. Na tara jimloli daga jaridu da littattafai, waɗanda ban samu ba na ƙirƙiro daga kaina, na zana musu rassa da kibiyoyi masu kyan gani. Malama Lin ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta duba aikin ta turo min shi.

"Habib, waɗannan jimlolin ba wanda ya faɗe su ga wani. In ba ka san wa ke magana da wa ba, ta yaya za ka san aikin da kalma take yi? Ina son mutum biyu 'yan asalin harshen, suna magana da juna, magana ta gaske. Ka ɗauko min a rakoda, da izininsu. A kan wannan za ka gina tsarinka."

Na ce a ina zan samo su a Guangzhou? Ta ce baje kolin Pazhou na bazara yana tafe, 'yan kasuwar Kudancin Amurka za su cika garin.

Ni kuwa ba ni da haƙurin jira, haka Allah ya yi ni. Kafin baje kolin na shiga cigiya a Sanyuanli. Aka haɗa ni da wani Mudi, Bahaushen Kumasi mai raka baƙi kasuwa. Ya dafa ƙirji ya ce in bar masa komai, yana da su kala-kala. Ya ce dai in shirya abinci mai kyau, don mutanen ba sa magana da yunwa. Ranar ya zo min da ƙarti uku gidan cin abinci, suka zauna, suka ci kaza, suka ci kifi, suka ƙara da lemo. Na kunna rakoda ina murna. Suna buɗe baki na gane ba yaren ba ne. 'Yan Angola ne, yaren Fotugal suke yi.

Na jawo Mudi gefe. "Haba ɗan'uwa, wannan ai ba Sifaniyanci ba ne!"

Ko a jikinsa. "Kai ma dai, malam. Ba duka abu ɗaya ba ne? Ka ɗan gyara shi a takarda mana."

Suka share baki suka yi min godiya da kyau, har ɗayansu ya rungume ni. Tun daga ranar in Mudi ya hango ni sai ya tuna yana da uzuri a wani layin.

Da baje kolin ya zo makaranta ta samo min katin tafinta. Wanda bai ga Pazhou ba ba zai gane ba. Zaure ne bayan zaure, kowanne ka yi ta tafiya ba ka ga ƙarshensa ba, fanka da famfo da tayil da kujeru har ido ya gaji. Ƙafafuna suka kumbura, amma ban damu ba, don ga mutanena nan ko'ina: 'yan Kolombiya, 'yan Benezuwela, 'yan Meziko. Ina jin Sifaniyanci ya tashi a bayana sai in juya kamar an kira sunana. In yi musu tafinta kyauta, su kuma su yarda in kunna rakoda. Kwanakin nan na ji daɗi, wallahi. Rabona da in sake baki da yaren nan tun ina yaro a rumfar babana.

Na kai wa Malama Lin abin da na tara ina tafiya ina taƙama. Ta sa abin ji a kunne, ta saurara, ta tsallaka gaba, ta sake saurara. Can ta cire ta miƙo min.

"Muryar wa ce wannan?"

Na saurara. Tawa ce. Ina tambayar wani ɗan Kolombiya ya hanya, ya gajiya, ya ya baro iyali, ya yara, ya mai jiki in akwai, ya kasuwa. Shi kuma yana ta cewa "bien, bien". Ta tsallaka gaba. Ga wani ɗan Meziko ya ɗauko labarin yadda kwantenarsa ta maƙale a tashar jirgin ruwa, labari mai kyau, amma duk rabin jimla sai ka ji ni: "Ikon Allah!" "Haka ne!" "Kai, ba su kyauta ba!" Duk da Sifaniyanci nake yi, amma amshin na Fagge ne. Wuri biyu ma ni na ƙarasa masa jimlar da ya faro. Inda kuma abokinsa ya so ya sa baki, na riga shi.

Na ce, "Laoshi," haka ɗalibai ke kiran malami a can, "a gidanmu in mutum yana magana ka yi tsit kana kallonsa, raini ne. Sai ya ɗauka ba ka jin sa."

"Na yarda. Amma a nan ka ɓata aikinka. Da kai suke magana, ba da juna ba, har sassauta harshe suke yi saboda kai baƙo ne." Ta kashe rakodar. "Akwai baje kolin kaka. In ya wuce ba ka kawo abin da za a gina tsari a kai ba, ba zan sa hannu a sabunta tallafinka ba. Ba zan ce aiki yana tafiya ba alhali ba ya tafiya."

Ba tallafi, ba izinin zama. Ba izinin zama, sai gida hannu rabbana. Na fito daga ofishinta ina jin haushin ta, ina jin haushin kaina, na rasa wanda ya fi.

Daga nan garin ya fara sauyawa. Wasannin Olamfik da za a yi a China na matsowa, aka tsuke biza. 'Yan kasuwar da suka saba zama wata da watanni aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya sake nema. Alhaji Garba ya yi ta zirga-zirga ko za a ƙara masa, bai samu ba. Ranar da zai tafi ya bar min tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da ƙullin goro, ya ce, "Ka riƙe lo ɗinka da kyau, kar ka dawo mana da kunya." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna min a ƙirji.

Sanyuanli ta yi fayau. Layin da da ba ka iya wucewa sai ka yi sallama goma, yanzu ka bi shi ba ka ji Hausa ko sau ɗaya ba. Fasfo kullum yana aljihun gaba, don a bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa ko a ƙofar masauki ana iya tsayar da kai, kuma baƙar fata ba ya ɓuya a cikin taro. Ga zafi mai ɗanko, ka yi wanka ka fito kana gumi, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ya yi fumfuna. Na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakin karatu in buɗe littafi, kafin in gama shafi na miƙe. In hau jirgi in je ƙarshen layi in dawo ba dalili. Na riƙa zuwa zauren manyan otal ina zama kamar mai jiran wani, kunnena a buɗe ko zan ji yaren, har masu gadi suka gane ni suka fara rako ni waje da ladabi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne talabijin. Ana wasannin, sai a nuno ɗan tseren Kuba ko ɗan ƙwallon Ajantina ana hira da shi. In matso kusa, ya buɗe baki, kafin ya yi kalma uku an ɗora muryar Sinanci a kai. Sau ɗaya har tsaki na yi da ƙarfi mutane suka juyo.

A shagon taliyar wani dattijo Musulmin China nake kallon. Ba na jin irin Sinancinsa sosai, shi ma ba ya jin nawa, Laoban kawai nake ce masa, wato maigida. A wajensa na fara koyon yin shiru, don ba yadda zan yi. Da azumi ya kama, ban taɓa gaya masa komai ba, amma kullum kafin magariba zan tarar ya ajiye min kwano a teburin lungu, ya rufe da faranti, da dabino a gefe. Mu sha ruwa tare ba wanda ya ce uffan. Ranar sallah ya ƙi karɓar komai daga hannuna, ya dafa kafaɗata ya koma wajen tukunyarsa. Na fita waje na share ido, don ranar kewar gida ta kusa kashe ni.

Na kira Inna daga shagon waya. Ta ce, "Habibu, yaushe za ka gama ne? Na gaya wa su Hajiya Ladi kai malamin kwaleji ne da ka dawo."

Na ce, "An kusa, Inna. A dai ci gaba da addu'a."

Baje kolin kaka ya zo ba kamar na bazara ba. Kasuwannin duniya sun rikice, mutane ba su zo da yawa ba, waɗanda suka zo kuma fuskarsu a ɗaure. Yawancin masu Sifaniyancin da tafintan kamfaninsu suka zo. In na nuna rakoda sai su ɗaga hannu su wuce, wani ma ya tambaye ni ko wani ne ya turo ni in ji farashinsa. Kashi uku ake yin baje kolin, na farko ya wuce, na biyu ya wuce, ba ni da komai. Na daina iya cin abinci sosai.

Ana cikin kashi na ƙarshe na bar Pazhou don takaici na tafi Baima, babbar kasuwar tufafi, ba don ina sa ran komai ba. A hawa na uku na ji wata mata tana faɗa da Sifaniyanci, yarinyar shago kuma tana ta ce mata "meiyou, meiyou", wato babu. Na kutsa na yi musu tafinta. Ashe wani launi take nema, kuma akwai shi a sito. Matar ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma daga ina Allah ya jefo ka, ɗana?"

Sunanta Doña Marta, daga Lima ta ƙasar Peru, za ta yi shekara hamsin da wani abu, gajeriya mai ƙarfin murya. Tare take da ƙanenta Ramiro, dogo mai yawan kallon ƙasa. Shagon kayan mata suke da shi, gadon mahaifiyarsu. Na gaya musu buƙatata ba ɓoye-ɓoye: zan raka su ko'ina kyauta, su dai su bar ni in ɗauki hirarsu. Doña Marta ta ce, "Ɗauki duk abin da kake so, ba mu da sirri." Ramiro ya ɗaga kafaɗa.

Na ce Alhamdulillahi, ya da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ai magana sai na ture. Ashe ban san inda na faɗa ba. Mutanen nan ba sa magana da juna. Ta bakina suke yi.

"Habib, gaya wa ƙanena wannan yadin ba zai yi ba."

"Gaya mata na ji."

Yare ɗaya, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ni ɗan Kano ina yi musu tafinta daga Sifaniyanci zuwa Sifaniyanci! Na gwada dabaru. In ce zan je bayan gida in bar rakoda a tebur, in dawo in tarar ba abin da ta ɗauka sai ƙarar cokali. In tambayi Ramiro yadda unguwarsu take don ita ta gyara masa, sai ta kama duba waya. Ga kirki kuwa, kowannensu shi kaɗai. Ita ta lura ba na cin naman wuraren da muke shiga, ta riƙa sa wa a nemo min kifi. Shi kuma ya ga takalmina ya buɗe baki, ya saya min wani bai ce komai ba, ya ajiye min a gefen kujera.

Ranar ƙarshe muka je Pazhou da rana don su tabbatar da odarsu wajen wata masana'anta, washegari da safe jirginsu zai tashi. Da muka fito na tare tasi. Na shiga gaba kusa da direba, na ba su baya, na ce, "Doña Marta, rakoda tana kunne a tsakaninku." Ta ce ta gani. Na ɓare goron Alhaji na cusa a baki, na yi wa kaina alkawari ko motar za ta kama da wuta ba zan tanka ba.

Muka hau gadar sama, cunkoso ya riƙe mu. Can sai na ji Ramiro, a hankali, kuma ba da ni yake ba.

"Wannan shuɗin da kika zaɓa, da Mama tana nan ba za ta sa shi a shagonta ba."

Sai Doña Marta ta ce, "Me ka sani game da abin da Mama za ta zaɓa?"

Daga nan abin ya ɓalle. Ashe mahaifiyarsu ta yi doguwar jinya, Ramiro yana Sifen yana aikin gini ba takardu, bai zo ba har aka binne ta. Ita ta yi wankan, ita ta yi ɗauka da saukewa, ita ta rufe mata ido. Ta ce ta gaya masa, ta kira shi ta gaya masa, ta roƙe shi. Ya ce ya aiko mata da duk abin da ya samu, ya hana kansa ya ba ta, in ya fita ba zai iya komawa ba, wa zai sayi maganin? Ta ce Mama ba magani take tambaya ba, shi take tambaya, kullum sai ta tambaye ta shi.

Ni kuwa ina gaba, na kasa kunne. Abin da na yi shekara ina nema ne yake zuba a bayana kamar an buɗe famfo. Te lo dije, me la dejaste, te lo mandé: na gaya maka, ka bar min ita, na aiko miki. Kowace jimla da 'yan ƙananan kalmomina a jiki, kowacce tana aikinta, ana turo uwar gaba, ana tura laifi baya. A raina ina cewa, Habibu, yi shiru. Digirinka ne wannan. Inna ce wannan. Na danne goron da haƙori har muƙamuƙina ya yi ciwo. Direba yana ta kallona ta gefen ido, yana son in yi wani abu, na kau da kai.

Amma ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan. Tun ina yaro ban taɓa ganin an yi faɗa a gaban babba ya zauna yana kallo ba. A rumfar babana ko wuƙa ce a hannunsa sai ya ajiye ya shiga tsakani.

Sai Doña Marta ta ce, da wata murya da ban san tana da ita ba, "Ranar da za ta cika ta daina tambayarka. Ka san me ta ce?"

Na ji ƙarar hannun ƙofa. Na waiga. Ramiro ya kama marfin, fuskarsa ta yi fari, motoci kuma sun fara motsi a kan gadar. Ita kuma ta ja numfashi za ta ƙarasa. Na san in maganar nan ta fito, ko gaskiya ce ko ƙarya, ba mai mayar da ita.

"Kai! Ya isa haka! Ku ji tsoron Allah!"

Da Hausa ta fito, da ɓarɓashin goro. Na juya gaba ɗaya na durƙusa a kan kujera, na kama hannun Ramiro na cire daga ƙofar, sannan na koma Sifaniyanci. Wanda ya san rabon faɗa a wajenmu ya san ƙa'idarsa: ba ka barin kowa ya ƙarasa jimla. Ta ce "Amma shi ne—" na ce haƙuri, Doña Marta, ke ce babba, ke ce uwa yanzu. Ya ce "Ita ba ta san—" na ce haƙuri, Don Ramiro, yayarka ce, ko ta zage ka ta isa. Na gaya mata wanda yake ƙasar mutane ba takardu a kurkuku yake, ni na sani, ga fasfona a aljihu ko bayan gida da shi nake zuwa. Na gaya masa wadda ta yi jinya ita kaɗai tana da haƙƙin ta yi ihu, ya bar ta ta yi, amma ba yau ba. Na ce wadda ta haife ku ta tafi, ku biyu kuka rage, in kun rabu a kan gadar China wa zai je ya gaya mata? Na kawo labarin babana, na kawo na kawuna, na kawo na maƙwabtanmu da ko sunansu ba su taɓa ji ba. Duk wanda ya buɗe baki sai in rufe shi da haƙuri. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, mun dai sauka daga gadar mun wuce kogi ina yi.

Doña Marta ce ta tsayar da ni. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta, ta ce, "Habib, don girman Allah, rufe mana baki."

Ramiro ya fashe da dariya, irin wadda ke fita tare da kuka. Ita ma ta kama. Har direba ya yi dariya bai san me aka ce ba. Ta ciro hankici ta share fuskarta, sannan ta miƙa wa ƙanenta. Daga nan har masauki kanta yana jingine a kafaɗarsa. Rakoda tana ta ɗaukar ƙarar inji.

Da safe na raka su filin jirgi. Na tambaye su ko in goge abin da aka ɗauka. Ta ce in riƙe, in dai zai amfane ni. Ban gaya mata ba zai isa ba. A layin shiga na ji tana yi masa faɗa a kan ya bar rigar sanyinsa a otal, kai tsaye, ba ta bakina ba.

Na kai wa Malama Lin. Ta sa abin ji a kunne. Mintunan farko na ga ta gyara zama, ta jawo takarda tana rubutu da sauri, idonta yana ƙyalli. Sai na ga alƙalamin ya tsaya. Na san an zo wajen. Na jira ta cire ta miƙo min kamar wancan karon, amma ba ta cire ba. Ta ajiye alƙalamin, ta haɗa hannuwa, ta saurara har ƙarshe, har ƙarar injin.

Da ta cire ta ce, "Farkon nan shi ne mafi kyan abin da ɗalibi ya taɓa kawo min. Amma ɗan kaɗan ne, Habib. Ba a gina tsari a kan wannan."

"Na sani, Laoshi."

"Ba zan iya sa hannu ba."

"Na sani."

Na so in yi magiya, na so in ce a ba ni zuwa bazara, amma ta riga ta gaya min tun farko, kuma ba ta maimaita magana. Na tuna Inna da su Hajiya Ladi, na ji kamar in kwanta a ƙasan ofishin. Na miƙa hannu zan ɗauki rakodata. Ta ɗora yatsa a kai.

"Jirgi ɗaya suka hau?"

"Jirgi ɗaya. Ni na raka su."

Ta gyaɗa kai tana kallon taga. Can ta ce, "Faɗansu nasu ne, ka tafi da shi. Amma ɓangarenka, daga inda ka yi ihu da yarenku, za ka bar min kwafi?"

Na ce, "Laoshi, wannan ai ba shi da amfani. A wane babi za ki sa shi?"

"Ba na babi ba ne," in ji ta. "Ina da ƙane a Harbin, can arewa, mun daɗe ba ma magana."

Na zauna na kwafe mata. Kafin sanyi ya shigo sosai na tattara kayana na kamo hanyar Kano, ba digiri.